Muna kan zanen gida: maigida na son falon taro, ni kuma tagwaye nake tunani

Maman 'Yan Biyu

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu yin gini, musamman masu ƙananan yara.

Mai zane ya kawo mana zane na biyu makon jiya, kuma tun ranar ni da maigidana muke ja-in-ja a kai. Yaranmu uku: babbar shekararta 6, sai tagwaye maza 'yan wata 19, waɗanda yanzu babu abin da ba sa hawa. Jiya na tsinci ɗaya a tsaye a kan teburin cin abinci, da kansa ya jawo kujera ya taka. Gidan da muke haya yanzu ba bene ba ne, amma ko a haka ba na iya shiga wanka sai na ga sun yi barci.

Shi maigida mutum ne mai jama'a. Da wuya mako biyu su wuce ba mu tara mutum 15 ko 20 ba, ga 'yan uwansa, ga abokan aikinsa, ga ƙawayena da nasu yaran. Ni ma ina son hakan, kada a ɗauka ƙorafi nake yi. Irin gidan da yake so shi ne wanda ake gani a hotuna: falo da wurin cin abinci da kicin duk a haɗe babu bango, matakalar bene a tsakiyar falo wadda ake hango haske ta tsakanin takunta, ƙarafan gefenta a kwance, ƙofar gilashi tun daga ƙasa har silin tana buɗewa zuwa lambu. Sannan ɗan tafkin ado da kifaye a gaban inda baƙi za su zauna a waje. A takarda ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma duk inda ya nuna ya ce "dubi nan", ni gadon asibiti nake gani.

Ya ce kafin a gama ginin yaran sun girma, kuma ba zai gina kurkuku ba saboda shekara biyu ko uku. Na ce masa ai ba mu ce mun gama haihuwa ba, kuma baƙin nasa ma da jarirai suke zuwa.

Mene ne dole a gyara tun a zane, wanda in an zuba dekin shi ke nan? Mene ne kuma za a iya bari sai an tare? Kicin ɗin nan a buɗe, akwai wanda ya zauna a irinsa da yara masu rarrafe?

Mai Zanen Gidaje

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya su. Wannan sana'ata ce, don haka bari in fara da inda ba na sassautawa ko da mai gida zai ji haushina: matakala.

Ƙarfe a kwance tsani ne. Yaron da ya iya jawo kujera ya hau tebur, wannan ƙarfen ma ba zai ɗauke shi minti ɗaya ba. A jera su a tsaye, kuma tazarar da ke tsakaninsu kada ta kai santimita 10. Ba ni na ƙirƙiro adadin ba. Dokar gini ta Ingila cewa ta yi kada ƙwallo mai faɗin milimita 100 ta iya wucewa ta kowane rami, a Amurka kuma inci 4 suke aunawa, kusan abu ɗaya ne. Dalilin shi ne kan ƙaramin yaro ya fi ƙirjinsa girma. Yakan zura ƙafafu da jiki su wuce, kan ya maƙale, sai ya rataye ta wuya. Wannan ma'aunin ya shafi ramin da ke tsakanin taku da taku ma, irin wanda maigida yake so a hango haske ta ciki. In dole sai an bar shi a buɗe, a sa ɗan katako ko ƙarfe a rage ramin.

Tsayin abin kariyar kuwa santimita 90 a gefen matakala, 110 a barandar sama. Amma ki lura, tsayin daga inda ƙafar yaro za ta iya tsayawa ake lissafa shi. Kika ajiye tukunyar fure ko benci a jikin baranda, kin mayar da 110 ta koma 70.

Babbar shawarata ita ce a fitar da matakalar daga tsakiyar falo gaba ɗaya, a kai ta wani ɗan lungu mai bango hagu da dama. Ƙaramar ƙofar da ake sa wa yara a saman bene dole ne a ɗaure ta da sukurori a jikin bango. Irin wadda ake matsewa kawai tsakanin bango biyu ba ta saman bene ba ce, tana iya zamewa in yaro ya jingina, ga kuma sandar ƙasanta da ke harɗe ƙafar babba. To matakalar da ke tsaye ita kaɗai a tsakiyar falo, a jikin me za a ɗaure? Ki gaya wa maigida ribar da shi ma zai ci: matakala a buɗe bututun hayaniya ce. Hirar mutum 20 ƙarfe goma na dare za ta hau kai tsaye har ƙofar ɗakin yaran. In tana lungu da ƙofarta, baƙi su yi dariyarsu son ransu, kuma yaran baƙi ba za su riƙa hawa sama suna shiga ɗakunan kwana ba.

A tabbatar duk takun tsayinsu ɗaya. Ƙafa tana haddace tsayin taku biyu na farko, in na tara ya ɗara da santimita ɗaya ko biyu, a nan ake tuntuɓe. Wannan aikin magini ne, a tsaya a kansa da tef ranar da ake yi. A sa wurin hutawa a tsakiya, don in an faɗo kada a gangaro tun daga sama har ƙasa.

Kicin a buɗe ba na ƙin sa. Yana da amfani babba: kina tsaye a wurin wanke-wanke kina ganin yaran. Abin da nake yi wa masu irin halinku shi ne buɗaɗɗen kicin da ake iya rufewa, wato faffadar ƙofa mai zamewa da ke shigewa cikin bango. Ranar da babu kowa a bar ta a buɗe, lokacin da mai yake kan wuta a ja ta. Aljihun da ƙofar ke shiga a cikin bango tun a zane ake tanadinsa. Murhu kada ya hau teburin tsakiyar kicin inda baƙi ke jingina suna hira, a kai shi jikin bango. A bar kamar mita 1.2 tsakanin teburin da kabad, yadda mai ɗauke da tukunya zai wuce wani ba tare da gogayya ba. Kuma ki duba zanen da kyau: in hanyar fita lambu ta ratsa gaban murhu, a sauya ta. Yara da gudu suke fita.

Gilashin ƙofa, da duk wanda ya sauko kusa da ƙasa, ya zama irin wanda aka gasa, mai farfashewa ƙanana kamar tsakuwa, ko mai leda a tsakiya da ke riƙe shi ko ya tsage. Na gaske yana da ɗan hatimi a kusurwa. Ki nema da idonki kafin a ɗaura.

Tafki kuwa ban taɓa yarda na zana wa mai yara 'yan ƙasa da shekara 5 ba. A binne bututun ruwa da na waya a wurin, a shuka fure a kai. In sun girma a haƙa.

Kakar Goma

'Yata, mai zane ya gaya miki na gini. Ni bari in gaya miki abin da na gani da idona.

Ba ranar da kike ke kaɗai da yara ce ranar tsoro ba. Ranar nan idonki na kansu. Ranar da gida ya cika ita ce. Manya talatin a zaune, kowa na zaton wani na kallon yaron, alhali babu mai kallonsa.

Jikata tana da shekara biyu da 'yan watanni muka yi taro a gidana. Wata baƙuwa, tsarata ce, ta ajiye jakarta a ƙasa gefen kujera kamar yadda kowa ke yi. A ciki akwai maganin hawan jininta, ba a kwalbarsa ba, a 'yar leda ta zuba na kwana biyu. Ni da na kulle duk maganin gidana a kabad na sama tun ranar da yarinyar ta fara rarrafe! Sai ganinta muka yi bayan labule da ledar a hannu, bakinta fari. Babu wanda ya san ko ɗaya ta haɗiya ko huɗu, ita mai maganin ma ta kasa tuna nawa ta zuba. A asibiti muka kwana ana auna ta. Allah ya tsare, amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Baiwar Allah nan kuwa ta fi shekara ba ta iya haɗa ido da ni ba, alhali ba laifinta ba ne, ni ce ban tanadi inda za ta ajiye ba.

Saboda haka ki sa a yi miki kanta mai tsayi ko kabad mai ƙofa daidai bakin shiga, inda hannun yaro ba ya kai. Duk wanda ya shigo, jaka can, makullin mota can. Ba sai kin yi wa kowa bayani ba, in wurin yana nan mutane da kansu suke ajiyewa.

Na biyu mota. Baƙi na tafiya ana rakiya, ana ta sallama a bakin get, wani ya tada mota ya yi baya, ɗan wata 19 kuwa ba a ganinsa ta madubi. Inda motoci ke tsayawa da inda yara ke wasa kada su haɗu ko kaɗan. A raba su da katanga ko shinge mai ƙofa, kuma ƙofar falo kada ta buɗe kai tsaye a kan hanyar mota.

Sai ɗan teburin nan na tsakiyar falo. Daidai tsayin hannunsu yake, kuma a nan kowa ke dire kofin shayi. Ni na fitar da nawa na shekara uku, na sa dogaye a jikin bango bayan kujeru. Ba wanda ya taɓa cewa falona ya yi muni.

Maman 'Yan Biyu

Mama, wallahi jikina ya yi sanyi. Ban taɓa kawo jakar baƙi a raina ba, kuma surukata kullum da magani take yawo. Na gode, Allah ya ƙara lafiya.

Na karanta wa maigida duka da daddare. Maganar hayaniya ce ta kama shi, ba maganar faɗuwa ba, ku ji fa. Ya yarda matakala ta koma lungu, ƙarafa su miƙe tsaye. Tafkin ne ya kafe a kai. Ya ce ba mai zurfi ba ne, santimita 30 kawai, ko gwiwar yaro bai kai ba.

Injiniya Mai Wayarin

Hajiya, a gaya wa Alhaji da girmamawa: ruwan da bai wuce santimita 5 ba ya isa ya kashe ƙaramin yaro in ya faɗa ta fuska. Kansa yana da nauyi sosai in aka kwatanta da girman jikinsa, kuma ba shi da dabarar dafa ƙasa ya ɗago. Ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa, shiru abin yake faruwa, cikin 'yan mintuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 'yan shekara 1 zuwa 4 a sahun gaba na masu mutuwa ta nutsewa. Shi ya sa a Ostireliya doka ta tilasta a kewaye wurin ninƙaya na gida da shinge mai tsayin mita 1.2, da ƙofa mai rufe kanta ta kuma kulle kanta. In zai yarda a yi wa tafkin ado irin wannan shingen, to adon ya tafi. In ƙarar ruwa yake so baƙi su ji, akwai mafita: a binne tankin a ƙasa, a rufe da ragar ƙarfe mai ƙarfi, a zuba duwatsu a kai, famfo ya riƙa turo ruwa yana gangarowa ta cikin duwatsun. Ana jin ruwa, ana ganinsa, amma babu inda ya taru. Kifi dai sai a akwatin gilashi a cikin gida, mai murfi. Haka nan duk murfin tankin ƙasa da na ramin ruwan datti ya zama mai nauyi ko mai kwaɗo.

Ɓangarena kuma, abubuwan da in an yi filasta gyaransu sai da fasa bango.

A allon wuta a sa na'urar da ake kira RCD mai milli'amfiya 30 a kan duk layin soket. Ita ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido in ta ji tana zurarewa ta jikin mutum. Fis na yau da kullum waya yake karewa daga ƙonewa, ba ya kare mutum. Soket ɗin su zama masu ƙyaure a ciki, waɗanda ramukansu ba sa buɗewa sai an sa fulogi. Irin na Ingila mai ƙafa uku da ƙyaurensa yake zuwa tun 1947, a Amurka ma tun 2008 ƙa'idar wayarin ta wajabta irinsa a sababbin gidaje. In kin samu na ƙwarai ba kya buƙatar 'yan robobin nan da ake toshewa da su. Wasu ma ɓarna suke yi, yaro ya zare ya juya shi ya buɗe ƙyauren da kansa.

Ki ƙirga soket da ranar taro a ranki. Kowane baƙo da caja yake zuwa, in babu soket kusa da kujera sai a jawo doguwar waya ta ratsa falo. A sa da yawa, wasu a sama daidai kan kanta. Na tulun dafa ruwa a kicin ya kasance can ciki jikin bango, kada wayarsa ta leƙo gefe.

Ruwan zafi: ana ajiye shi a hita a kan digiri 60 saboda ƙwayoyin cuta kada su hayayyafa a tanki, amma a wannan zafin fatar yaro cikin 'yan daƙiƙoƙi take salewa. Maganin shi ne bawul mai gauraya zafi da sanyi kafin ruwan ya iso famfo. A Ingila tun 2010 sabon gida ba a yarda ruwan bahon wanka ya wuce digiri 48 ba. A sa a banɗakin yara da na baƙi. Makullin banɗakin baƙi kuma ya zama wanda ake iya buɗewa ta waje da tsabar kuɗi ko sukundireba. Na sha zuwa ɓalle ƙofa yaro na ciki yana kuka.

Ƙararrawar hayaƙi a kowane hawa, a haɗa su da waya yadda in ta ƙasa ta yi ƙara ta sama ma za ta yi. In da gas za ku yi girki, ko akwai injin wuta kusa da gida, a ƙara mai gano iskar nan mai guba da ba ta da wari.

Baban Huɗu

Ni zan ɗan tsaya wa maigidanki, 'yar uwa, don na ga an taru a kansa. Yana da gaskiya a abu ɗaya: yara suna girma, gini ba ya sauyawa. Ni na biye wa tsoro na yi ɗakin wasa na musamman a sama, da katifar roba a ƙasa da komai. Ba su taɓa yin awa ɗaya a ciki ba. Yaro inda uwarsa take nan yake son zama. Yanzu ɗakin akwatuna ne a ciki. Da na sani, da ɗan lungu na yi a gefen falo, inda ake hangowa daga kicin, da manyan durowoyi a ƙasa da za a kwashe kayan wasa a watsa ciki minti biyar kafin baƙi su iso. In sun girma ya zama wurin karatu. Kuma kada ki sa a zagaye miki kowace kusurwa ko a cika gida da makullan roba tun yanzu, waɗannan na bayan tarewa ne, ana sawa ana cirewa.

Abu biyu dai ban ga an ambata ba. Taga ta sama: ragar sauro ba kariya ba ce, yaro na jingina take ficewa da shi. A sa ɗan ƙarfen da ke hana taga buɗewa fiye da santimita 10. Birnin New York ya wajabta wa masu gidajen haya masu sassa uku ko fiye sa kariyar taga tun 1976 a duk inda yaro ɗan shekara 10 ko ƙasa yake zaune, kuma faɗowar yara ta ragu ƙwarai. In kuma ƙarfen hana ɓarayi za ku sa, kowane ɗakin kwana ya samu taga ɗaya da ake iya buɗe ƙarfenta ta ciki saboda gobara. Labule mai igiya a bar shi, igiyar na shaƙe yara.

Sai durowa da talabijin. Tagwayenki za su jawo aljihunan durowa su mayar da su matakala, ita kuma ta kifo a kansu. A 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi kusan miliyan 29 a Amurka bayan mutuwar yara ta wannan hanyar. Duk abin da ya fi yaro tsayi a ɗaure shi da bango. In akwai bangon da ba na bulo ba ne, a sa katako mai kauri a ciki tun yanzu a inda talabijin da kabad za su zauna, don sukurori su samu abin kamawa.

Maman 'Yan Biyu

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Mun zauna da mai zanenmu jiya kusan awa uku, har ya ce wa ya ba ni waɗannan tambayoyin.

Matakala ta koma bayan falo da ƙofarta. Kicin ya samu ƙofa mai shigewa bango, murhu ya bar tsakiya. Ƙofar lambu mun matsar da ita ta wurin cin abinci. Ɗakin wasan da aka zana a sama mun soke shi, Baban Huɗu, an mayar da shi lungu a gefen falo, maigida har yana cewa ga wanda ya san darajarsa. Mama, kabad ɗin jakunkuna ya shiga zane, daidai hannun dama in an shigo, kuma an ja shinge tsakanin wurin motoci da lambu. Tafki ya zama na duwatsu. Bai ji daɗi ba, ya ce kifayensa sun mutu tun kafin a saye su, amma ya sa hannu.

Yanzu sabuwar rigima ta taso a kan daɓe. Yana son farin tayil mai sheƙi kamar madubi tun daga falo har baranda ta waje, don wurin ya zama shimfiɗa ɗaya in an buɗe ƙofar gilashi. Ni kuma na san yadda falona ke zama in yara goma sun sha ruwa sun zubar. Mai zanen ya ce akwai ma'aunin santsi da ake rubutawa a jikin kwali, daga R9 zuwa R13, lambar na hawa santsi na raguwa, wai mu nemi R10 a ciki, R11 a waje da banɗaki. Na taɓa samfurin R11 ɗin da hannuna, yana da ɗan kaushi, sai nake tunanin datti zai riƙa maƙalewa. Akwai wadda ke da shi a gidanta? Ya wahalar gogewa take, kuma gwiwar mai rarrafe tana jure masa?